Wane Raket Ne Daidai da Hannunka? Tambayoyi da Amsoshi ga 'Yan Badminton na Kano

Waɗannan su ne tambayoyin da aka fi yi a bakin fili, tsakanin wasa da wasa, musamman ranar da wani ya zo da sabon raket, kowa na karɓa yana kaɗawa yana tambayar nawa aka sayo. An haɗa su wuri ɗaya domin mai shirin saye ya san abin da zai duba kafin ya zaro kuɗinsa.

Malam, ni sabon shiga ne, kuma ba na son dogon turanci. Me zan saya?

Nemi raket na girafait zalla, wanda kansa da sandarsa suke a haɗe, ba mai mahaɗin ƙarfe a wuya ba. Nauyi 4U, mariƙi G5, sanda mai ɗan laushi, kuma wanda nauyinsa bai rinjaya kai ba, bai rinjaya gindi ba. A ɗaure maka tsirkiya, wato zaren da ake saƙawa a kan raket, fam 20 zuwa 22 (fam a nan ma'aunin ƙarfin jan tsirkiya ne). Shi ke nan.

Dalili kuwa, sabon shiga bai da salon wasa tukuna. Kai da kanka ba ka san ko mai simash, wato bugun ƙarfi daga sama zuwa ƙasa, za ka zama ba, ko mai wayo a bakin raga, ko mai tsaron da ba a ratsa shi. Raket na tsaka-tsaki zai bar ka ka taɓa kowanne. Bayan wata shida ko shekara, abokan wasanka ma za su gaya maka inda ka fi ƙarfi, a lokacin ne sauran amsoshin da ke ƙasa za su yi maka amfani sosai.

Mene ne 3U, 4U da G5 da ake rubutawa a jiki?

Duba 'yar hular robar da ke tsakanin mariƙi da sanda, yawanci a nan ake rubuta su. U nauyin raket ne kafin a saka masa tsirkiya, kuma lissafin a juye yake: lamba na hawa, nauyi na sauka. 2U giram 90 zuwa 94 ne, 3U giram 85 zuwa 89, 4U giram 80 zuwa 84, 5U kuma 75 zuwa 79. Akwai waɗanda suka fi haka sauƙi. Yawancin 'yan wasa a yau, har da ƙwararru, tsakanin 3U da 4U suke.

Giram biyar a tafin hannu ba a bakin komai yake ba, gaskiya ne. Amma a yamma guda za ka ɗaga hannun nan sau ɗaruruwa, kuma a wasa na uku ko na huɗu kafaɗa za ta ba ka labari.

G kaurin mariƙi ne. A tsarin kamfanin Yonex shi ma a juye yake, G4 ya fi G5 kauri, G6 ya fi su siranta. Kamfanin Li-Ning da harafin S yake rubuta nasa. Idan kana shakka ɗauki siriri, domin ana iya ƙara masa naɗi ya yi kauri, mai kauri kuwa sai dai ka haƙura da shi. Kuma badminton wasan yatsu ne. Mariƙin da ya cika maka hannu tam ba zai bar ka ka juya raket da sauri ba.

Ana cewa wannan mai nauyin kai ne, wancan mai sauƙin kai. Yaya zan gane, kuma wanne ne nawa?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, ta fi ta U ma. Raket biyu za su iya zama giram 83 dukkansu, amma ka kaɗa ɗaya ka ji yana jan hannunka gaba, ɗayan kuma ka ji kamar ba ka riƙe komai ba. Bambancin yana wurin da aka tara nauyin.

Ga yadda ake aunawa, ko a cikin shago. Miƙa yatsanka manuni, ka kwantar da sandar raket a kansa, ka riƙa matsar da ita a hankali har raket ɗin ya tsaya cak, kai bai faɗi ba, gindi bai faɗi ba. Danne wurin da babban yatsa, ka ari tef ɗin tela, ka auna daga ƙarshen mariƙi zuwa nan. Tsawon raket na manya galibi milimita 675 ne, dokar hukumar badminton ta duniya, BWF, ba ta yarda ya wuce 680 ba. Idan awon ya tsaya ƙasa da milimita 285, mai sauƙin kai ne. Tsakanin 285 da 295 madaidaici ne. Abin da ya haura 295 mai nauyin kai ne. Kamfanoni suna ɗan saɓawa a kan iyakokin, kuma naɗin da aka ƙara a mariƙi yana jawo awon baya, saboda haka an fi samun gaskiya a raket ɗin da ba a naɗe shi ba.

Mai nauyin kai na mutumin bayan fili ne, mai son simash da dogon bugun da ke kai shatul, wato ƙwallon badminton, can ƙarshen layi. Yana ba shatul nauyi, amma yana da nawa wajen dawowa. Idan aka yi maka ruwan simash a jiki, sau da yawa za ka makara. Mai sauƙin kai na mai tsaro ne da mai tare shatul a gaban raga, da wanda ke son musayar bugu miƙaƙƙe cikin sauri. Madaidaici ba ya fice a ko ɗaya, ba ya kuma kunyata ka a ko ɗaya.

Kamfanonin sun sauƙaƙa abin da sunaye. A Yonex, Astrox masu nauyin kai ne, Nanoflare masu sauƙin kai, Arcsaber madaidaita. A Victor, Thruster na ƙarfi ne, Auraspeed na sauri, DriveX na tsakiya. A Li-Ning kuma Axforce na kai hari, Bladex na sauri, Halbertec na iya sarrafa shatul.

To ni simash nake so ya riƙa ƙara. Ke nan mai nauyin kai zan saya, ko?

Ba lallai ba. Ƙarfin simash daga saurin kan raket yake fitowa a daidai lokacin da ya haɗu da shatul. Idan hannunka zai iya wulwula mai nauyin kai da sauri, ka samu riba biyu. Idan kuwa nauyin ya rage maka sauri, ka yi asara, ga gajiya.

A watan Afrilun 2023, ɗan wasan Indiya Satwiksairaj Rankireddy ya kafa tarihin Guinness na simash mafi gudu, kilomita 565 a sa'a, a wani gwaji da aka shirya a Japan. Pearly Tan ta Maleshiya ta kafa na mata da kilomita 438. Dukansu da Nanoflare 1000Z suka buga, wato daga jerin masu sauƙin kai. Gwaji ne na musamman, ba tsakiyar gasa ba, amma ya isa ya nuna cewa ba a kan raket kaɗai ƙarfi yake zaune ba.

Abin da na fi gani a wurin masu ƙorafin simash ɗinsu ba ya tafiya shi ne suna riƙe raket ƙam tun kafin shatul ya iso, ko kuma suna bugunsa bayan ya wuce kansu. Sabon raket ba ya gyara ko ɗaya daga cikin biyun.

Sanda mai tauri ko mai laushi? Mai shago ya ce mai tauri ita ce ta manya.

Bai yi ƙarya ba, sai dai bai ƙarasa maganar ba. Ka ɗauki tsumagiya da gora: tsumagiya ko yaro ya kaɗa ta, za ta lanƙwashe ta dawo ta yi zafi, gora kuwa sai mai ƙarfi, amma inda ya nufa nan take sauka. Sandar raket haka take. Mai laushi tana lanƙwasawa baya idan ka kaɗa, ta dawo ta ƙara wa shatul tafiya, saboda haka tana taimakon wanda hannunsa bai yi sauri ba. Aibinta shi ne idan hannunka ya yi sauri sosai, kan raket bai gama dawowa ba za ka bugi shatul, sai ya riƙa kauce wa inda ka nufa. Mai tauri tana kai shatul daidai inda ka aika shi, amma ba ta ƙara maka komai daga aljihunta. Wanda bai iya lanƙwasa ta ba, bugunsa zai riƙa tsayawa a tsakiyar fili, jijjigar kuma ta koma masa gwiwar hannu.

Akwai gwajin da ba ya buƙatar na'ura. Tsawon fili mita 13.4 ne. Tsaya a layin bayanka ka ɗaga shatul sama zuwa layin bayan abokin karawarka, sau goma a jere. Idan yana isa ba tare da ka yi nishi ba, har da bugun bayan hannu, to kana iya gwada mai tauri. Idan rabi suna faɗuwa kafin layin, zauna a kan mai laushi ko matsakaiciya, kuma babu abin kunya a ciki.

Mu kullum bibbiyu muke bugawa, don fili ɗaya ne mutane da yawa. Akwai bambanci da na ɗai-ɗai?

Akwai. Wasan bibbiyu ya fi sauri, shatul ba ya daɗewa a sama, kuma rabin aikin tsaro ne da musayar bugu a tsayin kafaɗa. Shi ya sa 4U madaidaici ko mai sauƙin kai ya fi dacewa da mafi yawan mutane. A ɗai-ɗai kana da ɗan lokacin shirya bugu, sai 3U ko mai nauyin kai ya yi amfani.

Ko a cikin bibbiyun ma, na gaba da na baya ba buƙatarsu ɗaya ba. Yonex ta fitar da Astrox 88 kala biyu saboda haka, mai harafin S don na gaban raga, ya ɗan fi gajarta, da mai harafin D don na baya. 'Yan Indunusiya Kevin Sanjaya Sukamuljo da Marcus Fernaldi Gideon, lokacin da suke na ɗaya a duniya, haka suka raba su. Amma mu da muke sauya abokin wasa duk bayan maki 21, yau kana gaba gobe kana baya, wannan rabon bai shafe mu sosai ba.

Wani abu kuma da ba a faɗa a talla: a bibbiyu ne raket ya fi karyewa. Shatul ya biyo tsakiya, kai ka kai bugu, abokinka ya kai, sai ka ji ƙas. Mai tsada da mai araha duk ɗaya suke a wannan karon. Ka sa wannan a lissafi kafin ka zuba albashin wata a raket ɗaya.

Ina son irin na Viktor Axelsen. Ina da kuɗin, mene ne laifi?

Babu laifi, Alhaji, kuɗinka ne. Amma ga abin da za ka saya. Axelsen ɗan Denmak ya ci zinare a gasar Olamfik ta Tokyo da aka yi a 2021, ya sake ci a Paris a 2024, kuma raket ɗin da aka san shi da shi Astrox 100ZZ ne, mai nauyin kai, mai sanda daga cikin mafiya tauri. Mutum ne mai tsawon mita 1.94 wanda ya shafe shekaru atisaye ne sana'arsa. Haka ɗan gida Anuoluwapo Opeyori, wanda ya sha cin kofin Afirka kuma ya wakilci Najeriya a Tokyo da Paris: irin waɗannan hannunsu ya ginu shekara da shekaru. Mai buga wasa Asabar da Lahadi bayan ya yi wuni biyar a ofis ko a Kwari, ba wannan hannun gare shi ba.

Idan kamannin ne suka burge ka, kamfanin yana yin ƙannensa. Yawancin manyan raket ɗin Yonex suna zuwa hawa-hawa, Pro, Tour, Game da Play, fenti kusan iri ɗaya, amma na ƙasan sun fi laushi kuma sun fi araha nesa ba kusa ba. Ga mafi yawanmu, Game ko Play zai fi Pro daɗin wasa.

Fam nawa zan ce a ɗaure min tsirkiya?

A nan ne mutane suka fi cutar kansu, saboda ana ɗaukar lamba babba a matsayin ado. Tsirkiyar da aka ja da ƙarfi tana rage faɗin cibiyar raket, wato wurin nan na tsakiya da bugu ke fita da daɗi. Ƙwararre kusan kullum a cibiya yake bugawa, sai ya more daidaito da ƙara mai kaifi. Wanda ke bugawa yau a tsakiya gobe a gefe, shatul ba zai tafi ba, hannu zai yi tsami, tsirkiyar kuma za ta tsinke da wuri, domin bugun gefe ne ke tsinka ta. Sassauƙan ɗauri yana da faɗin cibiya, yana kuma tura shatul da kansa.

Sabon shiga fam 18 zuwa 22. Wanda ya kwana biyu yana wasa, 22 zuwa 25. Daga 26 zuwa sama na 'yan gasa ne, manyan duniya kuma sukan kai 30 har su wuce, amma su wani ne ke biya musu raket idan ya fashe. A jikin kowane raket na kirki an rubuta iyakar abin da zai ɗauka, misali 20 zuwa 28. Kada ka bari a wuce ta. Idan za ka ƙara, ƙara fam ɗaya ɗaya.

Ka kuma tsaya a kan mai ɗauri guda. Fam 24 a injin da ake juyawa da hannu ba lallai ya zo daidai da fam 24 a injin lantarki ba. Ɗaurin da aka yi da hannu zalla, ba inji, ba ya zuwa daidai ko'ina, kuma yana iya karkatar da kan raket. Idan ka karɓi raket daga ɗauri, ɗora shi a kan wani irinsa ka gani ko kan ya canja siffa.

Ita kanta tsirkiyar, wacce?

Kauri ake dubawa. A cikin na Yonex, BG65 milimita 0.70 ce, tana da juriya, ita ce ta mai lissafin aljihu. BG80 tana da 0.68, ta fi kaushi, masu simash suna son ta. BG66 Ultimax 0.65 ce, Aerosonic kuma 0.61, suna da ƙara mai daɗi da tura shatul, amma ba sa kwana da yawa. Mai buga shatul na roba a fam 22, BG65 ta ishe shi.

Tsirkiya tana saki ko ba ta tsinke ba. 'Yan wasa suna da wani ƙiyasi: yawan ranakun da kake wasa a mako, shi ne mafi ƙarancin yawan sauyin da za ka yi a shekara. Raket mai matsakaicin kuɗi da sabuwar tsirkiya ya fi mai tsada da ta shekara biyu.

Da shatul na roba muke wasa, na gashi ya yi tsada. Wannan zai canja zaɓina?

Ƙwarai. Na roba ya fi tauri a kan tsirkiya, jijjigarsa ta fi yawa, saboda haka rage fam ɗaya ko biyu daga abin da za ka ɗaura don na gashi, ka kuma guji siririyar tsirkiya.

Tunda an zo nan, yanayin Kano yana da ruwa da tsaki a zaɓen shatul. Iska mai zafi ba ta riƙe shatul kamar mai sanyi, sai ya riƙa wuce layi. Gwangwanin Mavis, shatul na roba na Yonex, kala uku ne: mai koren murfi ba shi da gudu, na ƙasar zafi ne, mai shuɗi matsakaici, mai ja na ƙasashen sanyi ne. Mu kore ne namu mafi yawan shekara, shuɗi sai da sanyin safiyar hunturu. A na gashi lambar da ke jikin gwangwani ce, 76, 77, 78, ƙaramar lamba ita ce mara gudu, kuma 76 ta fi dacewa da zafinmu. Mutum yakan zargi raket ɗinsa da fitar da shatul waje, alhali gwangwanin da ya sayo ne na wata ƙasa.

Na gashi kuma, gashin dinya ko agwagwa ne guda 16, kuma hunturu maƙiyinsa ne. Busasshiyar iskar Disamba da Janairu tana sa gashin ya yi ƙamas, bugu kaɗan ya kakkarye. Daren da za a wayi gari a yi wasa, buɗe gwangwanin ta baki biyu, ka kara shi a bakin butar shayi mai tafasa, gefen gashin yana fuskantar tururi. Da ka ga tururi ya fito ta ɗaya bakin, rufe duka biyun ka ajiye. Ɗan lokaci kaɗan ya isa, kada kan shatul ɗin ya jiƙe.

A waje muke bugawa, a harabar makaranta, ba a zaure irin na Ƙofar Mata ba.

To kada ka kashe kuɗi da yawa. A waje iska ce ke yanke hukunci, daidaiton da ake biyan kuɗi dominsa ba zai bayyana ba, ga ƙura da siminti suna cin fenti da tsirkiya. Girafait mai araha, tsirkiya mai kauri, fam 20. A 2019 BWF ta ƙaddamar da AirBadminton, wanda aka yi wa shatul na musamman mai jure iska. Idan kun samu irinsa, shi ma sassauƙan ɗauri yake so. Da asuba da bayan isha'i iska ta fi kwantawa, shi ya sa wasan bayan asham a watan azumi yake da daɗi in akwai fitila.

Yaya zan bambance na asali da jabu?

Fara da farashi. Manyan raket na asali suna haura dala 200 a ƙasashen da ake sayar da su kai tsaye. Ka buga lissafi da canjin yau. Duk wanda ya miƙo maka Astrox 100ZZ sabo fil a kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin biyar na wannan ba, har da jaka da tsirkiya a ɗaure, ka san amsar. Araha ba ta ado.

Sai awo. Ɗora shi a ƙaramin sikeli, irin na masu gwal ko na masu yin kek. Tsirkiya giram uku ce ko kusa da haka, saboda haka 4U ɗaurarre bai kamata ya kai giram 90 ba in ba a ƙara masa naɗi ba. Jabu yakan yi nauyi, ko kuma nauyin ya zauna inda bai kamata ba. Duba lambobin da ke jikin sanda da hular roba: a na asali sassaƙa su aka yi, farce yana jin su. Duba rubutu da tambarin da ke gindin mariƙi, ko sun fita tsaf. Masu kwafi sun ƙware, wasu har sassaƙar suna yi, don haka kada ka dogara da alama ɗaya. Ka tafi da wanda ya daɗe yana wasa, ka kuma tambayi mai shago kai tsaye, orijinal ne ko kwafi. Da yawa za su gaya maka gaskiya in sun ga ka san abin da kake yi.

Kuma a daina cewa duk ɗan Chana jabu ne. Li-Ning kamfanin Chana ne, kuma da shi manyan 'yan wasa suke cin kofuna. Victor na Taiwan ne. Yonex kanta manyan nata ne take ƙerawa a Japan, na ƙasa a Taiwan da Chana ake yin su. Illar jabu ita ce ba ka san me ke cikinsa ba: a ja shi fam 24 ya fashe a kan inji, mai ɗauri ya ce ba ruwansa, kuma da gaskiyarsa. Da kuɗin kwafin babban suna, gara na asali daga ƙaramin jeri, ko na kamfani irin Apacs na Maleshiya.

Na hannu fa? Wani zai sayar min da nasa.

Ana dacewa, in ka iya dubawa. Fita da shi rana. Bi da'irar kan da farce, musamman sama da kafaɗu biyu inda ake karo. Ɓarewar fenti ba komai ba ce. Siririn layin da ya ratsa firam daga waje zuwa ciki, wannan tsagewa ce, kuma ranar ɗauri za ta ƙarasa. Riƙe mariƙi da hannu ɗaya, ka ɗan murɗa kan da ɗayan a hankali kusa da kunnenka, ka ji ko yana ƙara. Girgiza shi ka ji ko wani abu na yawo a ciki. Kwantar da shi a kan tebur ka ga ko ya karkace. Duba 'yan robobin da tsirkiya ke bi ta cikinsu: idan sun tsage ana sauyawa da kuɗi kaɗan, amma idan tsirkiya ta riga ta nutse cikin firam ɗin, bar masa kayansa. In ya yarda, warware naɗin ka ga katakon mariƙin, don gumi yana ruɓar da shi.

Malam, akwai raket na mata daban? Kuma yarana suna so su fara.

Babu, Hajiya, sai dai fenti. An Se-young ta Koriya ta Kudu, wadda ta ci zinare a Paris a 2024, da Mariam Eniola Bolaji tamu, wadda ta ci tagulla a gasar nakasassu ta Paris a shekarar, ta zama ta farko daga Afirka da ta samu lambar badminton a can, duk irin raket ɗin da maza ke riƙewa suke riƙewa. Ki duba ƙarfin hannunki kawai. Mata da yawa sukan ji daɗin 4U ko 5U mai laushin sanda da mariƙi G5 ko G6.

Yara 'yan ƙasa da shekara takwas ko tara, a nema musu gajere, inci 21 zuwa 23. Na ƙarfen nan da ake sayarwa biyu a jaka ɗaya sun isa wasan tsakar gida, amma sukan haura giram 100, kuma yaron da ya koyi bugu da su zai saba da wurga kafaɗa gaba ɗaya maimakon amfani da yatsu da wuyan hannu. In kin ga da gaske yake, ki sauya masa.

Na haura hamsin, kuma gwiwar hannuna tana ciwo bayan wasa. Raket ne?

Yana iya zama shi, Baba. Abubuwa huɗu ake fara tuhuma: sanda mai tauri, ɗauri mai ƙarfi, nauyin kai, da mariƙin da bai yi daidai da hannu ba har ya sa kana matse shi. Mafi arahar gwaji shi ne a sake ɗaure maka ƙasa da fam biyu ko uku, a kuma gyara naɗin. In bai yi ba, ari 4U ko 5U mai laushi ka buga mako biyu. Wasu kuma mara nauyi sosai ne ke ja musu ciwon, saboda suna ƙara ƙarfi don shatul ya isa baya.

Ciwon da ya wuce makonni, ko yake hana ka ɗaukar buta, ya wuce maganar raket. A huta, a je a ga likita ko masu gashin ƙashi. Ga asibitin ƙashi na Dala nan a cikin gari.

Gumi yana sa raket yana zame min.

Naɗin tawul ya fi shan gumi, amma yana ƙara kauri, yana tauri idan ya bushe, kuma in ya kwana biyu wari yake yi, sai ana sauyawa akai-akai. Naɗin roba siriri ya fi tsafta, yana kama hannu, amma da ya jiƙe sharkaf sai santsi. Mai yawan gumi a watan Afrilu, tawul da ɗaurin wuyan hannu. Idan tawul ya yi maka kauri, cire naɗin da raket ya zo da shi, ka rufe katakon da siririn tef, ka naɗa tawul a kai.

Da kuɗin da nake da shi, ɗaya mai tsada ko biyu matsakaita?

Biyu matsakaita iri ɗaya, ɗauri iri ɗaya, in kana wasa sau uku a mako ko kana shiga gasa. Tsirkiya ba ta sallama kafin ta tsinke. In ba haka ba, ɗaya matsakaici, ragowar kuɗin a sayi takalmin fili mai tafin roba shimfiɗaɗɗe. Takalmin gudu mai tudun dunduniya shi ke gurɗa ƙafa a wasan da rabinsa tsalle gefe ne.

Yaya zan kula da shi, kuma me zan yi idan tsirkiya ta tsinke?

Kada ka bar shi a mota. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano yana haura digiri 40 a inuwa, cikin motar da aka rufe a rana kuwa ya wuce haka sosai. Tsirkiya za ta saki, naɗi ya narke, firam ɗin da ke ɗauke da ja na fam ashirin da wani abu ya raunana. A adaidaita sahu riƙe jakar tsakanin ƙafafunka, kada ka jingina ta a bayanka. Ka kuma bar ɗabi'ar kwasar shatul daga ƙasa da kan raket idan filin siminti ne, domin tsirkiyar da ta zagayo ta saman firam ita ce ke gogar ƙasa.

Idan ta tsinke, daina wasa da shi nan take. Ɓangare ɗaya ya saki, sauran suna ja, kuma wannan jan na gefe ɗaya yana karkatar da kai ko ya fasa shi, musamman daga fam 24 zuwa sama. Sa almakashi ka yanke sauran, ka fara daga tsakiya, ɗaya ta tsaye ɗaya ta kwance, kana yin waje ta kowane ɓangare daidai wa daida har ka gama. Kada ka yarda a yi maka ƙari a wurin da ya tsinke; a zare duka a sa sabuwa, ƙunshi ɗaya mita 10 ne kuma raket ɗaya yake ɗaurewa. Kafin a ɗaura, ka ce mai ɗaurin ya duba robobin ramukan, ya sauya waɗanda suka tsage, in ba haka ba sabuwar ma a nan za ta tsinke.